Garin da Raƙumi Ke Haɗuwa da Jirgin Ruwa

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman da na yi a Doha waɗanda yanzu sai an tuna min nake tunawa, amma maganar wani tsoho da garinsu ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa. Har yau in na zauna ina juya ta akwai wuraren da kaina ke ɗaurewa, don haka in kun ji ina kwana-kwana a cikin labarin ku yi min uzuri, haka abin ya zo mana.

Ni injiniyan hanya ne, Bakano. Kafin aiki ya kai ni Ƙatar na sha yawo a Arewa, daga wannan kwangilar titi zuwa waccan, har na kai ina cika baki cewa babu garin da za a kwatanta min a ƙasar Hausa in kasa faɗin sunansa. Uwargida ta gaji da jin wannan magana. In muka yi baƙi na fara, sai ta tashi ta ce bari ta duba shayi, alhali shayin na gabanmu.

Muna zaune a unguwar Aziziya lokacin. Wata rana ta dawo daga kanti tare da wata mata, baƙa, doguwa, wadda za ta girme mu duka, cikin baƙar abaya irin ta matan ƙasar. Wai uwargida na tsaye wajen kayan miya tana faɗa da ƙanwarta a waya, sai matar nan ta dafa ta tana rawar murya, ta tambaye ta da Turanci ko Hausa take yi. Ita kanta Hajiyar ba ta jin Hausa in ban da sannu da na gode. A Doha aka haife ta, Larabci ta tashi da shi. Mahaifinta ne ya sami shanyewar ɓarin jiki, da ya farfaɗo sai Larabcin da ya yi rayuwarsa duka da shi ya ɗauke ɗif. Hausa kaɗai ta rage a bakinsa, harshen da 'ya'yansa ba su taɓa jin ya yi doguwar magana da shi ba.

"Kalma ɗaya muka gane," in ji ta. "Gida. Kullum gida. Kuma ya daina cin abinci."

Ta yi mana bayanin inda aka tsaya. An sa masa robar abinci ta hanci, ya fizge ta da hannunsa mai lafiya. Likita ya ce jikin nan zai iya ɗaukar tafiya guda ɗaya, ita ma in an yi ta kafin zafi ya shigo. Ita da ƙannenta sun yanke shawarar kai shi Kano, tunda duk rayuwarsa in an tambaye shi asali cewa yake shi Bakano ne. Abin da take so a wajena shi ne in ji unguwarsu da gidansu, kada su sauka da mara lafiya su rasa inda za su dosa. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta zo gidan da ya dace. Uwargida ta dube ni ta gefen ido.

Washegari muka je. Yana kwance a wani ɗaki mai sanyin na'ura, ya rame har ana ganin ƙasusuwan kafaɗarsa ta cikin jallabiya. Na yi sallama na durƙusa na ce, "Baba, ina wuni? Yaya ƙarfin jiki?" Ya juyo da sauri kamar an tashe shi daga barci, ya kafe ni da ido, sai hawaye. Ni ma sai da na sunkuyar da kai. Da ya buɗe baki kuma sai wani abin mamakin: Hausar yaro ce a bakin tsoho. Ba ya cewa mahaifiyata, sai Inna. In abu ya ba shi haushi sai ya tura baki ya ce ba ya so, kamar ɗan shekara goma.

"Baba, kai ɗan ina ne?"

"Bakano ne ni."

"Madalla, ashe ɗan'uwa ne. Wace unguwa? Ta wace ƙofa ake shiga?"

"Ƙofa ɗaya ce ai," in ji shi. "In ka wuce ta sai ka bi hanyar da aka cike a kan ruwa."

Na san ƙofofin Kano tun ina yawo ba takalmi, ban san wadda ake bi ta kan ruwa ba. Na tambaye shi sunan garin, ya buɗe baki, ya rufe, ya yi ta lalube, har gumi ya keto masa. Ashe ciwon ya tafi da sunaye gaba ɗaya. Ko sunan Hajiyar da ke tsaye a kansa bai iya kamawa ba, "yarinyar nan" yake ce mata. Amma in kwatance ne, ka ce jiya ya baro wurin.

Ya ce garinsu zagayayye ne kamar faifai, ruwa ta ko'ina. A ciki akwai benaye farare, hawa biyu, hawa uku, masu tagogin katako da suka turo kan lungu, inda mata ke zama suna kallon waje ba a ganinsu. Su talakawa ba a ciki suke ba, suna can bakin ƙasa a ɗakunan tabarma da buhu, da safe su shiga aiki da yamma su fito. Babansa ruwa yake sayarwa, yana ɗauko shi a salka bisa jaki daga wasu rijiyoyi can bayan gari.

Nan na fara tsayar da shi. "Baba, gari a tsakiyar ruwa kuma a sayar da ruwa?"

"Wa zai sha wancan? Ɗaci gare shi."

Na fito falo na gaya wa Hajiya cewa maganar Kano a ajiye ta tukuna. Wataƙila asalin iyayensa ne Kano, amma wurin da yake nufi tsibiri ne, kuma a ƙasar Hausa in ana maganar tsibirai to Yawuri ake nufi, kan kogin Kwara. Ta rubuta sunan a wayarta, ta sa na maimaita mata yadda ake faɗinsa. A mota uwargida ta ce, "Injiniya, ni fa ban taɓa jin ruwan Kwara da ɗaci ba, kuma ban san bene hawa uku a tsibirin masunta ba." Na ce mata tsoho ne, kuma idon yaro komai babba yake ganinsa.

Ita ma dai ba ta tsira daga kuskure ba. Ta ce ba wani gari da yake nema, abincin gida ne ya yi kewa, wa zai rayu a kan shinkafar Larabawa shekara da shekaru. Ta fito da kukar da take ɓoyo, da daddawa, da man shanun da ko ni sai da roƙo nake samu, ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya, muka ɗauka da zafinsa. Tana buɗe kwanon ƙamshi ya cika ɗakin, ni da na ci na ƙoshi sai da yawuna ya tsinke. Tsoho ya leƙa, ya shinshina, ya kau da kai.

"Mene ne wannan kore-koren? Babu kifi?"

Uwargida ta yi tsuru-tsuru da ludayi a hannu. Bahaushen da bai san miyar kuka ba! Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce kin ji ko, kifi, mutumin Yawuri ne. Aka soyo kifin aka kawo, shi ma ya ture, ya ce sai ya je gida. Ruwa kaɗai yake karɓa, da ɗan madara in an yi sa'a.

Na riƙa zuwa bayan an tashi aiki, kuma kullum sai in dawo da kaina ya fi na jiya ɗaurewa. Yau ya ce min ayarin raƙuma kan sauka a bakin ƙofar garin, masu su dogaye da tulin gashi, da tsinken katako soke a ciki, da takobi a kafaɗa. Na ce to Buzaye ne, ke nan mun yi arewa, wataƙila wajen tafkin Chadi, dama can akwai ruwan kanwa, ga ɗacin ya fito. Gobe ya ce jiragen ruwa masu hayaƙi kan tsaya, in sun yi kuka har cikin mutum ke rawa. Na ce to wannan sai Lakwaja. Amma me raƙumi zai je yi Lakwaja? Jibi kuma ya ce dutsen da aka gina benayen daga cikin ruwa ake faso shi, fari ne mai huji-huji kamar soso, in aka daina shafa masa farar ƙasa sai ya riƙa zubewa da kansa. Ni da na yi rayuwata ina auna dutse da tsakuwa, ban taɓa ganin irin wannan a Arewa ba.

Sai maganar kyanwoyi. Ya ce sun fi mutanen garin yawa, manya-manya, ba a dukansu ba a korarsu. In kana cin kifi kyanwa ta zauna a gabanka sai ka yanka mata nata, ka kuma yi mata magana da ladabi, don ba dukansu ne kyanwoyi ba. Ya faɗi haka yana rage murya yana duban bayan ƙofa. A ranar na fara tunanin ko garin nan babu shi a duniya, ciwo ne ya ɗebo guntun wannan gari da na wancan ya haɗa masa. Na kasa gaya wa Hajiya haka. Ta riga ta sa ƙaninta ya fara neman biza, ta nemo a taswira yadda ake zuwa Yawuri daga Abuja, tana tambayata ko hanyar za ta yi wa mara lafiya. Na bi na ƙara wa kaina da cewa ai tsibiran da yawa ruwa ya cinye su lokacin da aka yi madatsar Kainji, ƙila shi ya sa kwatancen bai dace da na yanzu ba. Ina faɗa ina jin maganar ba ta zauna min ba, amma babu wata a hannuna.

Tsoro ya fara kama ni sosai. Tafiya ɗaya ce ta rage wa bawan Allahn nan, kuma bakina aka zuba wa ido. In aka sha wahala aka kai shi bakin Kwara ya duba ya ce ba nan ba ne, da wane ido zan kalli 'ya'yansa?

Wata Juma'a bayan La'asar, lokacin sanyi ne iska na kaɗawa, Hajiya ta ce likita ya ba da shawarar a riƙa fitar da shi yana shan iska. Muka ɗora shi a keken marasa lafiya muka tafi Corniche, doguwar hanyar nan ta bakin teku inda jama'a ke yawo da yamma. Ina tura shi, matan na biye, yana ta gyangyaɗi bai kula da dogayen gine-ginen ba. Da muka iso inda ake ɗaure jiragen katako na da, waɗanda yanzu 'yan yawon buɗe ido ke hawa, sai ya ɗaga kai ya ja iska ta hanci. Ya miƙe zaune, abin da bai yi ba tun kwanciyarsa.

"Ga sambuk," ya ce, yana nuna jiragen. "Yau za a haye?"

"A haye zuwa ina, Baba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana na fitowa ta gabas. "Ɗakin Allah mana. Ba ga shi can ƙetare ba? In iska ta yi kyau ai ba nisa. Kowa a garinmu shi yake jira."

Na saki keken. Garin da ke kallon Ɗakin Allah ta ƙetaren ruwa, ruwa mai ɗaci, raƙuma ta baya jirage ta gaba. Sai muryar kakata ta faɗo min, tana ba mu labarin alhazan ƙafa, waɗanda kan bar gida da jaki da 'ya'ya a goye, su bi ta Yarwa su ratsa Chadi su shiga Sudan, suna tafe suna noma suna dako, wani ya shekara bakwai a hanya wani ya tafi ke nan. Tana da wani gari da take ambata a ƙarshen ƙasa, inda tafiyar ƙafa ke ƙarewa a shiga jirgi. Na zagayo gabansa na tsuguna.

"Baba, Sawakin?"

Hannunsa mai lafiya ya damƙi wuyan hannuna, ban san da sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya maimaita sunan, ya sake maimaitawa, yana taunarsa a hankali. Sannan ya tura baki ya ce, "To tun yaushe nake gaya maka?"

Uwargida ta fashe da dariya tana share hawaye. Hajiya kuwa ba ta yi dariya ba. Da na fassara mata sai ta zauna a kan dakalin bakin ruwa. Ta san sunan, ta ce ai nan ne jiragen fasinja ke tashi daga Sudan zuwa Jidda, kuma a iya saninta tsohon garin kango ne. Can ta ɗago ta ce min, "Duk rayuwata in an tambaye ni ina cewa mu 'yan Kano ne. A makaranta har faɗa na yi a kan haka. Yanzu mu 'yan ina ne?"

A kwanakin da suka biyo na bi tarihin garin, wani na karanta, wani na ji daga bakin wani injiniya ɗan Sudan da muke aiki tare. Ashe babu abin da tsohon ya ƙara. Ɗan tsibiri ne a cikin wani lungun Bahar Maliya, wanda a da fatake daga Hindu da Masar da Hijaz suka mayar da shi kasuwa, suka gina benaye da dutsen murjani. Da Turawa suka zo suka ga mashigar ta yi wa manyan jiragensu ƙunci, sai suka gina sabuwar tasha can arewa da shi. 'Yan kasuwa suka kulle gidajensu suka bi jirage, aka daina shafa farar ƙasa, garin ya fara narkewa a tsaye. Maganar kyanwoyi ma abokin aikina bai yi dariya ba, ya ce an daɗe ana cewa a tsibirin aka taɓa kulle aljanu. Waɗanda suka rage suna raya wurin su ne alhazai, da yawansu mutanenmu, suna sayar da ruwa suna wanki suna dako har Allah ya kawo ranar hayewa. A nan aka haifi tsohon. Kano kuwa a bakin babansa kawai ya san ta, bai taɓa taka ta ba.

Samun sunan ya kwance masa harshe, amma bai sa ya ci abinci ba. Na ce masa, "Baba, an ce fa garin ya rushe, ba kowa a ciki." Ya ce ya sani, tun suna can yake zubewa, shi ba gini zai je gani ba. Daga nan ne, guntu-guntu, ya gaya min abin da ko 'ya'yansa ba su taɓa ji ba. Shekarar da suka sami hayewa, masu duba lafiyar alhazai suka hana Innarsa shiga jirgi saboda zazzaɓi. Babansa ya ce a fasa, ita ta ƙi, ta ce an daɗe ana jira, su tafi ta biyo su baɗi. Ta rako su har bakin ruwa, abin da ta ce wa ɗanta na ƙarshe shi ne, in sun sauka ya aiko a gaya mata. Bayan an sauko daga Arfa babansa ya kwanta ciwo ya rasu. Yaro ya rage shi kaɗai a Makka, wannan gida ya riƙe shi wancan ya sa shi aiki, daga nan Jidda, daga nan Doha tun tana ƙaramin gari.

"Ban aika ba," in ji shi. "Tana can ba ta san mun sauka ba."

Duk Bahaushe ya san nauyin wannan. Ko Zariya ka je daga Kano, uwarka ba za ta sa haƙarƙarinta a ƙasa ba sai ta ji ka sauka lafiya. Na rasa yadda zan juya wa Hajiya maganar da Turanci ta fito da nauyinta, sai uwargida ce ta kama hannunta ta yi mata bayani irin nasu na mata, suka yi ta kuka.

Ana cikin sauya shirin tafiya sai ciwon ƙirji ya kama shi, likita ya ce maganar jirgi ta ƙare, ko filin jirgin ba zai kai ba. Hajiya ta ce khalas, wato shi ke nan, ita za ta je. Ban gane me za ta je yi ba, ita ma da na tambaye ta cewa ta yi ba ta sani ba, amma ba za ta zauna tana kallonsa yana ƙarewa ba. Ta bi ta Jidda ta hau jirgin ruwa, ta bar mu da shi, ni da uwargida da ƙannenta.

Da hantsi ta kira ta bidiyo. Na zauna a bakin gadon na riƙe masa wayar. Ta nuna mana ƙofar, tana nan tsaye, ta bi hanyar da aka cike a kan ruwa ta shiga tsibirin. Wallahi ban taɓa ganin gari irin wannan ba. Tulin fararen duwatsu hagu da dama, nan bango ɗaya ya rage da taga a sama ba ɗaki a bayanta, can hasumiyar masallaci, ruwa shuɗi shar a kewaye, ba motsin kowa sai kyanwoyi a kan kangaye suna bin ta da ido. Tsoho na ba da umarni ina fassarawa: ta yi dama, ta miƙe, nan gidan mai tagogi ne inda suke kai ruwa. Tulin dutse ne kawai a wurin, amma ko a jikinsa. Da ta gama zagayawa ya ce ta fito, Inna ba ta shiga ciki, tana waje.

Ta fito bakin ƙasa inda mutane ke zaune har yanzu, ta bi ta wata 'yar kasuwa. A ƙarƙashin wata rumfar buhu wasu mata na suyar kifi. Tana wucewa da wayar a ɗage sai tsoho ya tattara ƙarfinsa ya ƙwala kira, "Inna!"

Wata dattijuwa da ke juya kifi ta ɗago kai. Ta dubi Hajiya, ta dubi wayar, sai muka ji ta ce, da Hausa tsaf, "Wa ke kira?"

Na karɓi maganar, na gaishe ta, na gaya mata a gurguje ko wane ne da abin da ya hana shi cin abinci. A ido ma ba ta kai shi shekaru ba. Ban roƙe ta komai ba, ban ma san me zan roƙa ba. Ta sauke kaskon daga wuta, ta goge hannu a zaninta, ta gyara mayafi, ta matso da fuskarta.

"Na'am, ga ni."

"Inna, mun sauka lafiya," ya ce. "Baba ya rasu bayan an sauko Arfa. Ban sami wanda zan aiko ba."

"Allah ya jiƙansa. Na ji saƙo. Kai dai lafiyarka ƙalau ko?"

"Lafiya lau."

"To madalla, hankalina ya kwanta. Ka ci abinci?"

Ya sunkuyar da kai. "A'a."

"To me kake jira? Maza ka ci, kada ka ɓata min rai."

Uwargida ta riga ta fice da gudu. Ta dawo da ɗan romon kifin da kullum ake dafawa ana zubarwa, ta miƙo cokali. Ya buɗe baki ya karɓa. Ya karɓi na biyu. Ƙannen Hajiya, manyan mutane da gemu, suka juya suna kallon bango.

Kafin a kashe wayar na tambayi dattijuwar su mutanen ina ne. Ta ce Katsinawa ne, kakanninta ne suka iso nan, ita ba ta taɓa ganin Katsina ba. Na ce ashe dai kun zama 'yan gari. Ta ce, "A'a, mu matafiya ne, Makka za mu. Allah bai kawo ranar ba ne." Ta mayar da kaskonta kan wuta.

Ina zaune ina tambayar kaina ko yaudarar mara lafiya muka taru muka yi, sai na ji ya taɓa gwiwata. Ya haɗiye abin da ke bakinsa, ya matso da kai kamar mai gaya min sirri.

"Ba Innata ba ce," ya ce. "Amma 'yar garinmu ce. Za ta gaya mata."

Ya juya ya buɗe wa uwargida baki. Ya ƙara watanni a duniya yana cin abincinsa, bai sake cewa a kai shi gida ba, kuma a Doha aka binne shi. Har yau ban san iyakar abin da ya sani da wanda bai sani ba a wannan hantsin, na kuma daina ƙoƙarin ganewa.

Abin da na ɗauka dai shi ne, don mutum na magana da harshenka ba shi ke nuna gidanku ɗaya ba. Mutanenmu sun bazu sun yi gidaje a wuraren da ban taɓa kawowa a rai ba, har da tsakiyar teku. In wani ya ce a kai shi gida, yanzu nakan yi shiru in saurare shi har ya kai ƙarshe, in kuma tambaye shi abin da ya bari a can, don sau da yawa shi yake nema ba garin ba. Kuma tun daga lokacin, duk inda jirgi ya sauke ni, kafin in je ɗaukar kaya sai na kira tsohuwata na ce mata na sauka lafiya.